Rabin Takun da Na Ja Baya

Idan masu sayayya suka tambaye ni a shagonmu na unguwar Anbariyya abin da ya zaunar da ni Amurka har shekara biyar, nakan ce karatu, in ci gaba da auna musu dabino. Ba ƙarya na yi ba, na yi karatun, takardar tana rataye a falon Umma tana shan ƙura. Amma abin da ya riƙe ni a can, kuma ya koro ni, ƙwallo ce. Ba irin wadda kuka sani ba. Wannan da hannu ake ɗaukarta, a saka hular kwano da kafaɗun roba, ƙarti su yi ta karo da juna har wani ya kai ƙasa. Sunana Idrisu, a Harra ta Yamma aka haife ni, nan Madina. Kakana ne ya taso daga ƙasar Katsina a ƙafa, ya yi hajji, ya zo ziyara, ya ce shi kam ya iso gida.

Zangona na farko wata ƙaramar jami'a ce a tsakiyar gonakin masara, inda ƙanƙara ke rufe ƙofa. Ina da wata biyu a can, ina zaune a ɗakin cin abinci da faranti biyu a gabana, sai wani mutum ya zagaya ni sau biyu kamar mai taya rago. Ya ce shi ne kocin makarantar, ko na taɓa buga ƙwallo? Na ce a unguwarmu gola ake sa ni, don ni kaɗai nake cika raga. Ya yi dariya har da dukan tebur, ya ce in same shi a fili da safe.

Aikin da ya ba ni sunansa gadi. Mu biyar muke jeruwa gaban mai jefa ƙwallo, mu tare duk wanda ya taso zai murƙushe shi. Ba ka taɓa ƙwallo, ba a tafa maka, ba a sanin sunanka sai ranar da ka yi kuskure. Duk da haka na so wasan nan fiye da yadda na taɓa son wani abu. A gida jikina abin tsokana ne, ƙannena suna cewa in na shiga mota sai ta yi salati. A can kuwa jikin nan dukiya ne. Shekara huɗu na yi ina bugawa, har mutanen manyan ƙungiyoyi suka fara zuwa suna auna tsawon hannuna da igiya.

Kowace shekara manyan ƙungiyoyin sukan zauna kwana uku suna ɗibar yaran jami'a bi da bi, ana nunawa a talabijin. Na sami dillalin da zai nema mini ƙungiya, wani mai fararen haƙora da ke kiran kowa ɗan'uwana. Ya ce in kwantar da hankali, rana ta uku za a kira sunana. Na zauna kwana uku da waya a tafin hannu, ko banɗaki da ita nake shiga. Aka karanta sunaye har aka gaji, aka naɗe tabarma, nawa bai fito ba. Ban gama haɗiye abin ba sai ga shi ya kira, murya wasai kamar mai albishir.

"Ɗan'uwana, haka ma ya fi! Akwai wata ƙungiya a kudu, suna neman mai gadi na ko-ta-kwana. Gurbin naka ne, babu kowa a gabanka."

Irinmu da ba a zaɓa ba ragowar kasuwa ne. Bayan an watse ake bi a tsince mu don a cika lissafi, saboda mutum casa'in ke shiga sansanin horo, hamsin da uku ne ke fita da aiki. Mafi yawan guraben kuma da masu su tun kafin ka sauka daga jirgi. Na san wannan sarai. Amma mai neman kare kai daga kunya ba ya tsayawa bincike, na sa hannu.

Sansanin shi ne zango na biyu, kuma can na san zafi iri-iri ne. Zafin Madina mai gaskiya ne, ya ƙona ka ya bar ka a bushe. Na can jiƙa ka yake yi, ka wuni kamar tuwo a ƙarƙashin murfi. Manya suna da ma'ajiyar kaya ta katako da sunansu a rubuce, mu kuwa aka turo mana ta ƙarfe mai taya aka jera a tsakiyar ɗaki, yadda ranar da za a fitar da ita ba sai an sha wahala ba. Sunana a jikin hulata da alƙalami aka rubuta kan farin salatif, shi ma ba daidai ba.

Ɗaki ɗaya aka haɗa ni da wani Toni, baƙin Amurka daga wani garin bakin teku. Shi ma mai gadi ne, shi ma ba a zaɓe shi ba. Kafin ya kwance jaka sai da ya manna hoton 'yarsa jaririya a bango. Muna gaisawa ya tambayi wane ne dillalina. Na faɗa. Ya ajiye takalmin da ke hannunsa.

"Me ya ce maka?"

"Ya ce gurbin nawa ne, babu kowa a gabana."

"Ni ma haka ya ce mini, kalma ɗaya bai canza ba."

Muka yi dariya, irin wadda ba ta wuce haƙori. Mutumin nan awaki biyu ya kai kasuwa a igiya ɗaya, ko wacce aka saya shi dai ya ci riba. Daga ranar kowannenmu ya san gurbi ɗaya ne, mu biyu ne, kuma gadajenmu taku uku ne tsakani.

Yadda ake aiki a can shi ne, komai ana ɗauka a bidiyo daga saman wasu dogayen ƙarafa. Abin da bai shiga bidiyo ba bai faru ba. Da yamma a taru a duba, a ga wanda ya tare, a ga wanda aka wuce. Sahun farko su ke cinye yawancin atisayen, na biyu su kwashi saura, mu na uku ƙanzo ake bar mana. Kocin masu gadi, wani jan mutum mai murya kamar injin niƙa, ba ya kiran suna. Ihu kawai yake yi, "Na gaba!" Wanda ya riga faɗawa shi ya shiga. Toni kafin a rufe baki ya isa. Ni kuwa in na ga wani ya motsa tare da ni sai in tsaya ya wuce, musamman in ya girme ni. Sati guda na yi a haka ban ma san ina yi ba.

Dole in gaya muku inda na samo wannan ciwo. Gidanmu muna da shimfiɗar buɗa-baki a masallacin Annabi, wuri ɗaya tun zamanin kakana. Duk azumi bayan la'asar mukan ɗauki ledar shimfiɗa, da burodin shuraik, da garin yajin da ake kira dugga, da kindirmo, da dabino, da butar gahawa, mu je mu jera. Sannan Baba ya watsa mu cikin jama'a mu kamo hannun baƙi, muna cewa, "Tafaddal ya hajji, bismilla, zo ka sha ruwa wurinmu." Maƙwabtan shimfiɗa ma haka suke yi, har rige-rigen baƙo ake yi. In wuri ya cika, 'yan gida ke tashi. Sau da yawa a tsaye na sha ruwa da dabino ɗaya a hannu, ina kallon wani Ba'indiye da ban taɓa gani ba yana cin rabona. Ranar da na yi kamar ban ga wani tsoho ba na ci gaba da zama, Baba bai ce komai ba sai da muka fito, ya murɗe mini kunne tun daga ƙofar masallaci har inda muka ajiye mota. Ya ce, "Kakanka baƙo ya zo garin nan aka matsa aka ba shi wuri ya zauna. Ɗan Madina ba ya riga baƙo, fahimt?" Na fahimta, har ƙashina ya fahimta.

Wadda ta fara gano ni ba koci ba ce, Mis Lora ce, wata tsohuwa mai rabon abinci. Tun ranar farko da ta ga ina leƙa tukwane ina tambayar wanne ne babu alade, ta riƙa ware mini kaza da kifi a gefe da cokalinsu daban, ba tare da na roƙa ba. Rannan na iso gabanta na ƙarshe kamar kullum, ta riƙe farantin ba ta miƙo ba.

"Ɗana, na ƙirga, mutum bakwai ka bari suka wuce ka a layin nan. A fili ma haka kake yi?"



"Uwarka ta yi tarbiyya, Allah ya saka mata. Amma nan ba gidan uwarka ba ne. Shekara nawa ina tsaye a nan, masu kirki irinka na ga sun zo, ban ga sun kai lokacin sanyi ba. Ka ture wani, ka ba shi haƙuri daga baya."

Na ji maganarta. Washegari da aka ce "Na gaba!" na bangaje wani da kafaɗa na shige. Kunya ta rufe ni kamar na yi sata a masallaci, amma da aka busa usur na ɗauki wanda ke gabana na kai shi baya taku biyar na dasa shi a ƙasa. Da yamma koci ya maimaita wurin sau uku a bidiyo, ya juyo ya ce, "Kai, Madina, ina ka ɓoye wannan?" Tun daga nan sunan ya bi ni. A wasan gwaji na farko da na biyu an sa ni, kuma ba wanda ya wuce ta gefena. Na fara barin zuciyata tana gina gidaje.

Kewar gida kuwa ba ta bar ni ba ko yini ɗaya. Mutumin da ya tashi yana jin kiran salla daga kowace kusurwa, sai ga shi Juma'a ta zo ta wuce ba abin da ya bambanta ta da Talata. A ɗakin ajiyar kaya nake salla, tsakanin tulin kafaɗun roba masu warin gumi. Abin da na fi kewa ba ma abinci ba ne, ƙarar silifa ce a kan marmara in an sallame jama'a sun taso. In na kira Umma nakan ɓoye yatsuna da suka kumbura a bayan waya.

"Ya waladi, kana cin abinci kuwa? Na ga wuyanka ya rame."

"Umma, wuyan nan ya fi cinyar Baba."

"Uskut, rufe mini baki. Yaushe za su ba ka aikin, halas, shi ke nan ka huta?"

"Saura wasa ɗaya."

"Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri."

Ni ba abin da ya fi alheri nake so ba, gurbin nake so, amma na ce amin.

Kada ku ɗauka Toni mugu ne, da ma mugun ne da na fi samun sauƙi. Dabarun wasan suna cikin wani allon kwamfuta da aka raba mana, ɗaruruwa, kowace da sunanta. Ni da na saba hadda tun ina ƙarami sha nake yi kamar ruwa, shi kuwa kansa ba ya riƙewa. Ni na zauna ina yi masa bita kullum bayan cin abinci. Shi ma ya gyara mini yadda nake ajiye hannu. Kuma bai yaudare ni ba. Ana gobe wasan ƙarshe ya dubi hoton 'yarsa ya ce, "Idris, kai mutumin kirki ne. Amma in ta zo kan ni ko kai, ba zan waiwaye ka ba." Na ce na gode da gaskiya, ni ma haka. Har zuciyata na ɗauka gaskiya na faɗa.

Wasan ƙarshe da la'asar aka yi shi. Manya duk an hutar da su, ranar ta 'yan neman gurbi ce. Aka fara da wani mai gadi da ya riga mu shekara ɗaya, ni da Toni muna tsaye a bakin layi kafaɗa da kafaɗa, huluna a hannu. An dawo daga hutun rabin lokaci ke nan sai mutumin ya fito yana ɗingishi. Koci ya juyo, jijiyar wuyansa a tashe.

"Mai gadi! Ɗaya! Yanzu!"

Tare muka zabura. A kan farin layin kafaɗunmu suka haɗu, wurin ba ya ɗaukar mutum biyu saboda jama'ar da ke tsaye. Sai ƙafata ta dama ta ja baya rabin taku, hannuna ya buɗe ya nuna masa hanya. Har kalmar sai da ta fito daga bakina, na ji ta da kunnena: "Tafaddal." Toni bai san ma'anarta ba, bai kuma tsaya tambaya ba.

Ya buga har aka tashi, kuma ya buga da kyau. Dabarun da na yi masa bita su aka yi ta kira, bai kuskure ko ɗaya ba. Ni ina tsaye da hula a hannu ina jiran a sake ihu, ba a sake ba. Na koma ɗaki da kayana fes, ko ciyawa ba ta taɓa su ba. An ce mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa. Ni na dafa, wani ya sha.

Bayan kwana biyu, da hantsi, wani ma'aikaci ya tare ni a ƙofa ya ce koci na son ganina, in taho da allona. Kowa ya san fassarar wannan. Na sami koci a gaban talabijin, ya ce in zauna. Na zaci wasannina zai nuna mini, sai na ga bakin layi, ga ni ga Toni. Ya sake shi, na ga kaina na ja baya. Ya mayar, ya sake. Ya mayar, ya sake. Ban taɓa tsanar wani mutum kamar yadda na tsani ƙaton nan mai buɗe hannu ba.

"Dubi idona a nan," in ji shi. "Wa nake kallo?"

Ni yake kallo. Ba shakka a ciki.

"To me ya sa ba ka kira sunana ba?" na tambaye shi.

"Da gangan na ƙi. Ka fi shi ƙarfi, ka fi shi kai, kowa a ginin nan ya sani. Abu ɗaya nake son in gani, kuma na gani. Ranar da wani ƙato ya taso wa mai jefa mana ƙwallo, ba na son in tsaya ina tunanin ko yau ladabinka zai motsa."

Na so in ce masa ba tsoro ba ne. Na so in ba shi labarin shimfiɗa da kunnen da aka murɗe. Amma da wane baki, kuma a wane yare? Ya miƙo hannu na karɓa, har da cewa na gode. Aka ba ni baƙar ledar shara in zuba kayana. Ko cikin 'yan taya atisaye ba su riƙe ni ba, sun ce masu gadi sun ishe su.

Toni ya same ni ina ɗaure ledar, ya rungume ni yana kuka. Na rungume shi ina jin kamar in matse har haƙarƙarinsa ya karye. Mis Lora ta biyo ni har bakin mota da ƙunshin kaza mai zafi, ba ta ce ai na gaya maka ba, ta dafa kumatuna kawai ta koma bakin aikinta. Dillali ya ce in zauna kusa da waya, ƙungiyoyi uku suna magana a kaina. Sati uku na yi a kan kujerar wani abokin karatu ina gadin waya. A na huɗu in na kira sai a ce yana taro. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, shi dai akuyarsa ɗaya ta sayu.

Da na dawo Madina ba wanda ya gane abin da na rasa. 'Yan unguwa suna tambaya ko na ci kofi, ƙannena suna gwada hular kwanon jami'a suna ɗaukar hoto. Wata guda ban ba kowa labari ba. Sai wata rana bayan la'asar muna zaune da Baba a tsakar gida yana haɗa shayi, ya ce ba tare da ya dube ni ba, "To, ya Idris, esh sar? Gaya mini yadda aka yi." Na zayyana masa komai, tun daga dillali har ledar shara. Ina sane na tsaya a kan rabin takun nan, na ja shi, don ina so ya ji ciwo. An ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa, to ni koci na yafe masa tun a jirgi, Baba ne na taho da shi a wuya.

Ya saurara har na gama. Ya ce, "Shi wancan yaron, yana da iyali?"

"'Ya ɗaya, jaririya."

"Masha Allah. To ai arzikinta ne ya biyo ta hannunka. Ka yi sadaka babba."

Ban taɓa ɗaga wa Baba murya ba sai ranar.

"Ba sadaka na yi ba, Baba! Mai sadaka niyya yake yi. Ni ina so, wallahi ina so kamar raina, ban ba shi ba, ban yafe ba, har yanzu in na tuna ba na iya haɗiye abinci. Ƙafata ce ta ja baya, ban ba ta izini ba!"

Umma ta leƙo daga kicin ta koma. Baba ya ajiye buta a hankali, ya dubi ƙafar tawa, ya daɗe yana kallonta. Na zaci zai yi faɗa, ko ya ba ni haƙuri, ko wanne ya yi da na samu inda zan sauke abin da ke ƙirjina. Sai na ga fuskarsa ta washe, idonsa ya kawo ruwa, irin farin cikin da ban gani ba ko ranar da na kawo takardar digiri.

"Alhamdu lillahi," in ji shi. "Shekara ashirin ina koya wa ƙafar nan, ban san ta iya ba sai yau."

Ya cika kofi ya miƙo mini da hannu biyu. Na karɓa, don ba a mayar wa uba hannu. Na riƙe shi har ya huce, ban iya kai shi baki ba.